Tawul ɗin da ya ci wa ɗalibaina maki

Fiye da rabin ajina suka faɗi tambaya ɗaya a jarrabawar gwaji ta bana, tambayar da yaron da bai taɓa zama a gabana ba zai ci ta ido rufe. Abin takaicin, daga darasin da na fi alfahari da shi a duk zangon ta fito.

Turanci nake koyarwa a ajin ƙarshe na sakandare, masu shirin WAEC da NECO. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san 'yan littattafan haddar nan da ake sayarwa a bakin ƙofar makaranta: karin magana a hagu, ma'ana a dama, yaro ya haddace ya wuce. A wanda yarana ke yawo da shi an rubuta cewa "throw in the towel" na nufin saurin karaya, wato mutum ya sallama tun bai sha wuya ba. Haka na ɗora a allo, na ƙara musu da cewa daga damben Turawa aka samo ta, ɗan dambe ne in ya ji jiki sai ya jefa tawul ya miƙa wuya.

Wani yaro a bencin baya, ɗan gidan mahauta, wanda yayyensa ke ɗaure hannu su shiga fili da kaka, ya ɗaga yatsa. "Malam, da wane hannun zai jefa? Ai duka biyun suna cikin safa. Kuma ina ya ajiye tawul ɗin yana tsakiyar fili ana jibgarsa?"

Aji ya kwashe da dariya. Na ce masa zan zo da amsa, na koma gida na zauna a kan maganar.

Ashe da farko ma ba tawul ba ne, soso ne. A Ingila ta ƙarni na 19 da tsirarar hannu ake dambe. A dokokin Landan na 1838 turmi ba ya ƙarewa sai wani ya sha ƙasa, a ba shi daƙiƙa 30 ya farfaɗo, kuma ba a ƙayyade yawan turmi ba. Karawar Tom Sayers da John Heenan a 1860 sai da ta haura awa biyu. Kowane ɗan dambe yana da mutanensa a kusurwa riƙe da kwalbar ruwa da soso, suna goge masa jini da gumi. In suka ga nasu ya gama yawo, tsayuwa ma ta gagare shi amma taurin kai ya hana shi zama, sai su cilla soson sama, kowa ya gane an sallama. Shi ya sa tsohuwar maganar ita ce "throw up the sponge", kuma tun wajajen 1860 take a rubuce. Dokokin Queensberry na 1867 su suka kawo safar hannu, da turmi mai minti uku, da ƙirga goma ga wanda ya faɗi. Zuwa farkon ƙarni na 20 tawul ya maye gurbin soso, a fili da kuma a bakin mutane.

Yaron nan yana da gaskiya ke nan. Ba ɗan damben ke jefawa ba, mai horar da shi ne. Galibi ma shi ɗan damben ba ya so.

Wannan ne ya tafi da ni. Na sauko da bidiyon karawa ta biyu tsakanin Deontay Wilder da Tyson Fury, wadda aka yi a Las Vegas ran 22 ga Fabrairun 2020, na jingina wayata da kwalin alli a kan tebur, yara suka yi mata rumfa. Wilder bai taɓa shan kaye a damben ƙwararru ba kafin ranar. Fury ya kai shi ƙasa a turmi na 3, ya sake kai shi a na 5, jini na fita ta kunnensa, ƙafafunsa na rawa. A turmi na 7, an matse shi a kusurwa yana ta shan naushi, sai ga farin tawul ya faɗo cikin fili. Mark Breland ne ya jefa, ɗaya daga cikin masu horar da shi, wanda shi kansa ya ci zinare a gasar Olamfik ta 1984. Na tsayar da bidiyon daidai inda Wilder ya juya yana tambayar mutanensa dalili, fuska a murtuke. Bai gode ba. Cewa ya yi ya gwammace a ɗauke shi a kwance, kuma kafin shekarar ta fita ya raba gari da Breland.

Na ba su labarin Manila, 1 ga Oktoban 1975, inda mai horarwa Eddie Futch ya hana ɗan dambensa Joe Frazier fita turmi na 15 da Muhammad Ali, idanunsa sun kumbura ba ya gani, shi kuwa yana roƙon a bar shi. Na ba su na namu Hogan Bassey, ɗan Kalaba, ɗan Nijeriya na farko da ya zama zakaran duniya a 1957, wanda aka tsayar da karawarsa da Davey Moore a 1959 bayan turmi na 13, jini ya rufe masa ido. Har na gaya musu cewa tawul roƙo ne, ba umarni ba: a 2010 a New York an jefa wa Yuri Foreman tawul yana karawa da Miguel Cotto, alƙalin wasa ya ɗauke shi ya wurgar waje, aka ci gaba. Ranar ba wanda ya yi gyangyaɗi a aji. Aka kaɗa ƙararrawa suna ta gardama, wasu na cewa Breland maci amana ne, 'yan mata kuwa kusan duka suna bayansa. Na fita ina jin yau kam na koyar.

Sai jarrabawar gwaji ta zo, wadda wani abokin aikina ya tsara. Jimlar mai sauƙi ce: wani ɗan siyasa ya yi shekaru yana neman kujera, daga ƙarshe ya "threw in the towel". Zaɓi na farko, ya haƙura ya janye. Na biyu, ya ceci magoya bayansa daga wahala. Abokin aikin nawa ya saka na biyun ne kawai don cika layi, bai taɓa zaton wani zai kalle shi ba. Yarana suka yi masa caa. Ina maki ina jan jan biro, takarda bayan takarda, kuma waɗanda suka fi natsuwa a darasin su suka fi faɗawa ramin. Wata yarinya da ba ta cika faɗuwa ba ta same ni a ofis da takardarta a hannu, idonta ya kawo ruwa. "Malam, ba kai ka ce mai jefa tawul ceton wani yake yi ba?"

Ni na ce. Kuma gaskiya ne, amma a filin dambe. Bature in yana hira ya yi wannan magana, ba ya tuna Breland, ba ya tuna soso. Shi dai wane ya sallama, shi ke nan, kuma wanda ya sallamar shi ake cewa ya jefa tawul ɗin da kansa, ko ɗan kasuwa ne da ya rufe shago ko ɗalibin da ya bar karatu. Maganar ta baro fili ta sauya mai jefawa a hanya. Mu ma in muka ce wane ya yar da ƙwallon mangwaro ya huta da ƙuda, ba mai tambayar ko mangwaron dasa ne ko binta siga. Minti arba'in na yi ina zuba musu asali, ma'anar da za a tambaye su kuwa jimla ɗaya na ba ta, a farkon darasi, kafin wayar ta fito. Wanne zai zauna a kan yaro, layin alli ko jinin da ke fita ta kunnen Wilder?

Ban daina ba da asalin karin magana ba, don yaron da ya ga bidiyon nan ba zai manta da maganar ba har ya tsufa. Abin da na sauya jeri ne. Yanzu ma'anar yau ce farko, da jimloli da yawa waɗanda ba ruwansu da dambe, su ma su ƙirƙiro nasu, su karanto a aji. Sai ta zauna daram sannan labari ya biyo baya, kuma ina faɗa da baki cewa wannan tarihi ne, ba shi za a tambaya ba. Bayan labarin in sake ba su jimla ɗaya su fassara kafin a tashi. In malami zai bar ɗaya saboda ƙarancin lokaci, ya bar labarin, komai daɗinsa.

Inda har yau ban huce ba shi ne kan littafin haddar. Kalmar "sauri" da suka liƙa ba ta cikin maganar. Ana iya jefa tawul da wuri, ana iya jefa shi bayan shekara ashirin ana fama, shi ya sa Bature in yana nufin gaggawa sai ya ƙara wata kalma, ya ce an jefa shi tun lokaci bai yi ba. Ɗan siyasar cikin tambayar ma ai shekaru ya yi. Da zaɓin ya zo da "ya karaya nan da nan" a gefe ɗaya da "ya haƙura bayan doguwar gwagwarmaya" a ɗaya gefen, da masu haddar ne za su zube, ba nawa ba. Na faɗa wa abokin aikin nawa haka a ɗakin malamai, ya ce, "To Malam, sai ka tsara ta baɗi." Na ce na karɓa. Kafin nan na sa kowane yaro ya buɗe shafin, ya ja biro a kan kalmar.