Abin da burauza ta kawo, sai an bincika

Abu na farko da ya zauna mini a kai da na fara rubuta shafuka da PHP, yaren shirya shafukan intanet, shi ne, sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ba ta riƙe abin da ya wuce. Shafi ya buɗe, ya gama aikinsa, ya manta. In kana son shafi na biyu ya san abin da aka cike a na farko, sai ka miƙa masa, ko dai ta GET ko ta POST.

GET na maƙala bayanin a wutsiyar adireshi, kamar sakamako.php?id=45. Kowa na gani, yana kuma shiga tarihin burauza. Ga bincike dai babu kamarsa, don za ka iya tura wa abokinka adireshin ta WhatsApp ya ga daidai abin da ka gani. POST kuwa a cikin saƙon yake saka bayanin, kuma nan masu koyo ke ruɗewa, su ɗauka ya ɓoyu. Ina! Danna F12 kawai, komai na nan a fili.

Na taɓa gadar aikin wani shagon intanet da aka ajiye farashin kaya a ɓoyayyen gurbin fom. Mai saye zai iya share sifili biyu, ya danna, sabar ta karɓa hannu bibbiyu. Haka ma lambar 45 ɗin can: in ɗalibi ya mai da ita 46, sakamakon wani zai gani, muddin shafin bai tambayi ko wane ne ya shigo ba. Tun daga nan lambar kaya kaɗai nake bari ta bi ta fom. Farashi daga rumbun bayanai nake ɗauko shi, mai shiga kuma $_SESSION, bayanin da PHP ke ajiyewa a sabar game da kowane mai ziyara, ke shaida shi.

PHP ma ta sha wannan ɗacin. Da, wani saiti nata mai suna register_globals na mai da duk abin da aka liƙa a adireshi ya zama variable, wato ma'ajin bayani, a cikin shirinka kai tsaye. An daina barin sa a kunne tun daga sigar PHP ta 4.2.0 a 2002, aka cire shi kwata-kwata a 5.4 a 2012.

Sai haruffanmu masu ƙugiya. Suna mai ƙ in zai bi ta adireshi, umarnin urlencode ke mai da harafin ya zama %C6%99. In shafin ba a UTF-8 yake ba, wato tsarin ajiye haruffa da ya san irin namu, tarkace za ka gani a can. Bayan POST kuma, header('Location: ...') nake sa ya tura mutum wani shafin, don kar ya sabunta a ci kuɗinsa sau biyu.