Jirgin da ke kai wa Tristan cefane

Jiya a Samaru wani abokin aiki ya tare ni: "Malam, ka je Cape Town ka dawo, shiru ba labari?" To, ga shi.

A tashar jiragen ruwan Cape Town, a Afirka ta Kudu, na tarar ana loda wa wani jirgi buhunan fulawa, man dizal, siminti da magunguna. Duk na Tristan da Cunha ne, tsibiri mai dutsen aman wuta a kudancin Tekun Atlantika, ƙarƙashin Birtaniya. Mutanensa ba su kai 300 ba. Babu filin jirgin sama, sai tafiyar ruwa ta kusan kwana 6 daga Cape Town, ita ma jefi-jefi a shekara. Ko an isa, babban jirgi ba ya iya shiga tasharsu, ƙananan jirage ke fitowa su kwashi kaya in igiyar ruwa ta lafa. Mu kuwa motar kayan gwari ta makara zuwa kasuwar Sabon Gari, mun fara ƙorafi.

A 1961 dutsen ya yi aman wuta, aka kwashe su kaf zuwa Ingila. A 1963 yawancinsu suka ce a mayar da su gida, wurin gonakinsu na dankalin turawa. Wallahi wannan ya ba ni mamaki.