Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Wayar Yammacin Juma'a

Assalamu alaikum, masu bin wannan labari nawa. A makon jiya mun tsaya ne a ranar da na tattara 'yan kayana daga ɗakin marasa lafiya, bayan shekara shida ina aikin jinya, na koma ofishin gwajin magungunan cutar daji na jami'a. Yau zan ba ku labarin watannina na farko a can, da wani kuskure da har gobe idan na tuna shi sai gabana ya faɗi.

Na shiga ofishin ina ganin na san aiki. Hannuna ya saba da allura, ina gane mai jin zafi tun kafin ya buɗe baki. Amma mako uku cur ba a bar ni na taɓa fayil ɗin majiyyaci ko guda ba. Sai da na zauna gaban kwamfuta na yi karatun ƙa'idojin gudanar da gwaji, wanda ake kira GCP, na ci jarrabawarsa. Ƙa'idoji ne da hukumomin magani na Amurka da Turai da Japan suka daidaita a kansu a 1996, kuma duk bayan 'yan shekaru sai ma'aikaci ya sabunta takardarsa. Bayan haka babban likitan binciken, wanda muke ce wa Dakta, ya rubuta sunana a takardar rabon aiki, ya fayyace abin da aka yarje mini in yi, ya sa hannu, ni ma na sa.

Wadda aka haɗa ni da ita dattijuwa ce, ta fi kowa daɗewa a ofishin. Anti kowa yake ce mata, har likitoci. Ranar farko ta buɗe aljihun teburina, ta ga farin ruwan nan na goge rubutu, ta ɗauke shi.

"Ƙanwata, a nan ba a ɓoye kuskure," in ji ta. "In kin rubuta ba daidai ba, ki ja layi guda a kai yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa. Ki rubuta daidai a gefe, ki sa harufan sunanki da kwanan wata. Wanda zai zo bayan shekara goma ya ga abin da kika fara rubutawa da abin da kika gyara."

Tana da wata magana da 'yan wannan aiki ke yawan faɗa: abin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba. Na ji ta a bakinta ya fi a ƙirga.

Duk ranar Talata da safe muna da zaman karatu na awa ɗaya. Kowa na zuwa: likitoci, ma'aikatan jinya, masu haɗa magani, masu shigar da bayanai, har da yaron da ke kai jini ɗakin gwaje-gwaje. Ana karɓa-karɓa ne, yau wannan ya koyar, mako mai zuwa wancan. A nan na fahimci matakan gwaji: na ɗaya mutane kaɗan ne, ana neman adadin maganin da jiki zai iya ɗauka, na biyu ana duba ko yana taɓa cutar, na uku kuma ɗaruruwa ko dubbai, ana gwada sabon magani da wanda aka saba bayarwa, kwamfuta ce kuma ke jefa ƙuri'ar rukunin da kowa zai faɗa, ba son ran likita ba. A nan likitar hoto ta nuna mana yadda ake auna ƙari da ma'aunin RECIST: sai jimillar tsawon ƙarin da ake bibiya ya ragu da kashi 30 cikin 100 kafin a ce magani ya fara ci, in kuma ya ƙaru da kashi 20 a ce cuta ta ci gaba.

Amma zaman da ya fi tsaya mini a rai shi ne na wani tsohon farfesa da ya yi ritaya, yana dai leƙo mu lokaci-lokaci. Muna ce masa Baba. Ya fara da labari mai daɗi, na likitan jirgin ruwa James Lind, wanda a watan Mayun 1747 ya raba matuƙa goma sha biyu masu ciwon zubar jinin dasashi biyu-biyu, ya ba kowane rukuni abu daban, waɗanda suka samu lemo suka farfaɗo. Shi ya sa ake tuna ranar gwaje-gwajen magani kowace 20 ga Mayu. Daga nan sai muryarsa ta sauya. Ya kawo shari'ar likitocin Nazi a birnin Nurembag na Jamus, da ƙa'idoji goma da suka fito daga cikinta a 1947, ta farkonsu ita ce ba a gwaji a jikin mutum sai da yardarsa. Ya kawo sanarwar Helsinki ta 1964, wadda ƙungiyar likitoci ta duniya ta fitar a kan ɗa'ar bincike a jikin mutane. Sannan ya zo kan Taskigi, a jihar Alabama ta Amurka, inda daga 1932 har 1972 aka riƙa bibiyar baƙaƙen fata kusan 600, 399 daga cikinsu masu tunjere, ba a faɗa musu ainihin cutarsu ba, ba a kuma ba su fenisilin ba ko bayan an tabbatar yana warkar da ita. Shekara arba'in.

Ɗakin ya yi tsit. Baba ya ɗaga takardar amincewa da majiyyaci ke sa wa hannu kafin ya shiga gwaji, irin mai shafuka da yawa da nake ganin ta cika tsawo, ya ce, "'Ya'yana, kowane layi a nan sai da wani ya cutu kafin a rubuta shi." Tun daga ranar ban ƙara kallon takardar a matsayin wahala ba.

A wata na huɗu aka ba ni majiyyata biyar in riƙa bibiya. Cikinsu akwai wata baiwar Allah mai cutar dajin mama, sa'ar mahaifiyata. A takarda lamba ce kawai, domin sunan majiyyaci ba ya fita zuwa ga masu ɗaukar nauyin gwaji. Ni Mama nake ce mata. 'Yarta ce ke rako ta, ita ce kuma ke riƙe da katin da ke ɗauke da lambar wayar ofis.

Wata Juma'a, ana saura kaɗan a tashi, wayar ta yi ƙara. 'Yar ce. Ta ce Mama ta yi zazzaɓi da daddare, sun kai ta asibitin da ya fi kusa da su, an kwantar da ita, ana ba ta magani ta jijiya, jikin da sauƙi. Kwana goma ke nan da ƙarin maganinta na biyu, daidai lokacin da fararen ƙwayoyin jini ke yin ƙasa. Na tambayi zafin jikin, ta ce ya haura 38. Na yi mata sannu, na kwantar mata da hankali. A zuciyata na ce alhamdu lillahi, tana hannun likitoci. Na rubuta a 'yar takarda ruwan ɗorawa, "Mama, zazzaɓi, an kwantar, a bincika Litinin," na manna a gefen kwamfuta, na ɗauki jakata na tafi gida.

Tunanin ma'aikaciyar jinya na yi. Mara lafiya na samun kulawa, to magana ta ƙare. Na manta cewa a gwaji, kwantar da majiyyaci a asibiti yana cikin manyan illoli da dole a kai rahotonsu, kuma kundin da ke ɗauke da dokokin gwajinmu ya ce cikin awa 24 daga lokacin da wani a ofis ya samu labari. Ni ce na samu labari. Agogo ya fara bugawa tun ƙarfe biyar saura na Juma'a.

Ranar Litinin na tarar da Anti tsaye a gaban teburina, 'yar takardar na hannunta.

"Yaushe aka kira?"

"Juma'a, Anti."

"Kin faɗa wa Dakta?"

Na yi shiru. Jikina ya yi sanyi tun daga ƙafa.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta jawo kujera ta zauna kusa da ni. "Ki saurara, ƙanwata. Ba Mama kaɗai ke shan maganin nan ba. Akwai mata a wasu asibitoci, a wasu ƙasashe, suna shan irinsa a wannan makon. In mutum biyar sun yi irin wannan zazzaɓi, kuma kowace ma'aikaciya ta manna takarda ta ce sai Litinin, wa zai haɗa su ya gane adadin maganin ya yi yawa? Rahotonki shi ne idonsu."

Wallahi wannan magana ta fi mini tsawa ciwo. Tare muka cike rahoton. Muka kira asibitin can muka karɓi sakamakon jini, Dakta ya duba ya sanya illar a mataki na uku cikin biyar, ya sa hannu. A wurin da aka tambayi ranar da ofis ya samu labari, hannuna ya tsaya. Anti ba ta ce komai ba, kallona kawai take yi. Na rubuta Juma'a. Aka kuma shigar da jinkirin a rajistar saɓa wa ƙa'ida, da bayanin dalili, inda mai sa ido zai gani duk ranar da ya zo.

Da za ta tashi sai ta ce, "Gobe ke za ki koyar."

Daren nan ban runtsa ba. Washegari na tsaya gaban mutum kusan ashirin, na ba da labarin tun daga ƙarar waya har zuwa 'yar takarda. Da na zo ƙarshe muryata ta karye, hawaye suka zubo, na kasa tsayar da su.

Wanda ya fara magana mai haɗa magani ne, mutum mai kawaici da ban taɓa jin ya yi doguwar magana ba. Ya ce shekarun baya firjin ajiyar maganin gwaji ya ɗumama cikin dare, bai duba takardar zafin ba sai bayan kwana biyu, dole aka killace maganin gaba ɗaya. Wata 'yar'uwa ta ce ita ta taɓa ba majiyyaci tsohuwar takardar amincewa bayan kwamitin ɗa'a ya amince da sabuwa, sai da aka sake kiran mutumin aka yi masa bayani daga farko. Dakta da kansa ya faɗi nasa. Anti ce ta ƙarshe, nata kuma ya fi na kowa nauyi, ba zan kawo shi a nan ba domin amana ce.

Daga nan Dakta ya ce a bar maganar wane ne ya yi, a duba ta ina ɓarakar ta shigo. Aka gano ba a taɓa rubuta wa sabon ma'aikaci abin da zai yi in waya ta shigo gab da tashi ba. Kafin a watse an tsara jadawalin mai riƙe waya a ƙarshen mako, an kuma ce ni zan rubuta 'yar takardar tambayoyi da za a liƙa kusa da kowace waya: An kwantar da shi? Yaushe? A ina? An sanar da likita? Har na bar ofishin tana nan a liƙe.

Ni a ganina, duk wurin aikin da mutum zai ji tsoron faɗin kuskurensa bai cancanci a damƙa masa ran mara lafiya ba. Na yi aiki a inda ake ɓoyewa, na san yadda abin yake ci a ciki.

Bayan wannan Talata ne na zama 'yar gida. Lokacin hutun rana aka fara matsa mini kujera. Na gane cewa in ɗan wata bai da lafiya, akwai mai karɓar majiyyatanta ba tare da an roƙa ba, muddin sunanta na cikin takardar rabon aikin wannan gwajin. Aka kuma nuna mini wani littafi mai baƙin bango da ke aljihun teburin Anti. Duk majiyyacin da ya rasu, wanda ya fi kusa da shi a cikinmu zai rubuta lambarsa, ba suna, da layi ɗaya a kansa. "Yana tambayar lafiyar kowa kafin a tambayi tasa." "Ta so ta ga auren 'yarta, ta gani." Aikin cutar daji ba ya rabuwa da rashi, musamman a gwajin matakin farko, inda da yawa sun zo ne bayan magungunan da aka sani sun gaza. In an yi rashi mukan rufe ƙofa mu zauna minti goma, mai kuka ya yi, mai addu'a ya yi, sannan kowa ya wanke fuska ya koma, domin akwai masu jira a waje.

Mama ta fito daga asibiti bayan kwana biyar. Dakta ya rage mata adadin maganin yadda kundin ya tanada, ya kuma zaunar da ita da 'yarta ya sake yi musu bayanin abin da ya faru, ya tuna mata tana da ikon janyewa a kowane lokaci ba tare da kulawarta ta ragu ba. Ta yi shiru jim kaɗan, ta ce za ta ci gaba. Da nake ɗaura mata abin awon hawan jini, ta riƙe hannuna.

"'Yata, kin rame. Ba kya barci ne?"

Na ce, "Ina yi, Mama."

"Ki riƙa yi. Mu da ku muka dogara, bayan Allah."

Na juya kamar ina neman wani abu a tire, don kar ta ga idona.

Da yammacin ranar Anti ta ajiye wata wasiƙa a teburina. Mai sa ido daga masu ɗaukar nauyin gwajin zai zo nan da mako biyu, zai yi kwana uku, kuma fayil ɗin Mama ne na farko a jerin waɗanda ya nema. Yadda muka kwashe da shi, sai a kashi na goma, mako mai zuwa in Allah ya kai mu.