Hausar da na tarar a Naraguta

Ranar da na cike fom ɗin JAMB a wani shagon kwamfuta a Katsina, abu biyu kawai na duba: kwas ɗin da nake so da makin da ake nema. Na rubuta Jami'ar Jos. Hajiya da ta ji sai ta dafe ƙirji, don ita abin da ta sani game da garin shi ne rikicin 2001 da na 2008. Baffa ne ya lallashe ta, ya ce yana da amini a Unguwar Rogo, dab da harabar jami'ar ta hanyar Bauchi. Babu wanda ya tambayi yadda ɗalibai ke zama da juna a can, har ni.

Sanyi ne ya fara yi mini maraba. Garin yana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, kuma ruwan da ya kwana a bokiti a watan Disamba sai mai ƙarfin hali. Wannan mai sauƙi ne, rigar sanyi ta gwanjo a kasuwar Taminus ta raba gardama.

Mai wuyar tana ɗakin kwana a Naraguta, wata harabar jami'ar. Abokin zamana ɗan Angas ne daga Pankshin. Wata rana ya shigo da murna ya ce, "Mamana ya zo, ya kawo mana acca." Na fashe da dariya, na gyara zama na soma koya masa bambancin "ya" da "ta". Bai tanka ba sai da na gama.

"Malam," in ji shi, "ni ina jin yare huɗu. Kai nawa?"

Na lissafa: Hausa, sai Turancin littafi da nake jin kunyar furtawa. Kwana biyu ba mu gaisa ba, accar ma ban ɗanɗana ba.

Daga nan na janye jikina. Zangon farko kaf, da an tashi lacca sai in nufi Unguwar Rogo wurin mai shayi, in zauna da 'yan Katsina da Kano muna cewa mutanen nan sai a hankali. Akwai daɗi, ba na musu, kuma ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta riƙe ni ƙwarai. Amma labarin canjin ɗakin lacca, tsofaffin tambayoyin jarrabawa, wanda ke bitar darasi da yamma, duk a bakin 'yan aji suke yawo, da buroka da irin Hausar da na raina. Sakamakon zangon ya nuna haka.

Kaza ce ta sasanta mu. Ana gab da hutun Kirsimeti abokin zamana ya shigo da ita ƙafafu a ɗaure, ya miƙo mini wuƙa: "Kai za ka yanka, don ka iya ci." Ashe a Jos an saba da wannan tsakanin maƙwabta. Ranar na fara cin gwate, ya kuma ja ni cikin rukunin karatunsu, inda akwai Birom, Tarok da wata Bayarabiya haifaffiyar Jos da ta fi ni sanin karin magana. Bayan Sallah na kawo musu dambun nama, ko awa ɗaya bai yi ba.

Bana ƙanina ya ce shi ma Jos yake so. Ban fara masa da tarihin cewa reshen Jami'ar Ibadan ce tun 1971 kafin ta tsaya da ƙafarta a 1975 ba, wannan yana intanet. Kuɗin mota na ba shi, na ce ya je ya kwana biyu wurin wani ɗan aji uku, ya ci abinci inda suke ci, ya ga wa ke zama da wa, ya kuma kama bakinsa in ya ji an ce wa mace "ya". Daren farko ya kira ni haƙoransa na haɗuwa: "Yaya, turo kuɗin rigar sanyi."