Abin da na gani a aikin kula da masu lalura a Ingila

Ƴan uwa da yawa sun ɗauka a gidan tsofaffi nake aiki ko asibiti, to ba ko ɗaya ba ne. Na shigo Ingila a 2023 da bizar aikin kula da mutane, Allah Ya taimake ni na taho da maigidana da yara kafin Maris ɗin 2024 da aka hana masu irin aikinmu zuwa da iyali, yanzu kam tun Yulin 2025 ma an rufe ɗauko sababbi daga waje. Gida ne kawai a cikin unguwa a gefen Manchester, mutum uku ke ciki, duka manya ne masu lalurar jinkirin fahimta tun haihuwa, mu kuma muna shiga shifti muna taimaka musu da wanka da girki da magani da cefane.

Abu na farko da aka nanata mana shi ne gidan nasu ne. Kowa da takardar hayarsa da makullin ɗakinsa, ba ki isa ki tura ƙofa ba sai kin ƙwanƙwasa an ce ki shigo. Akwai dokar 2005 da ta ce in dai mutum ya fahimci abin da yake zaɓa yana da ƴancin zaɓarsa ko da ke kina ganin ba dabara ba ce, sai dai ki yi bayani ki lallaɓa. Ni da na taso a Zariya na ga yadda ake ajiye irin waɗannan bayin Allah a ƙuryar ɗaki, ana son su ana ciyar da su amma ba mai tambayarsu me suke so, wallahi wannan tsarin ya burge ni. Kiran mutum sa'an babana da sunansa gatsal ne dai har yau yake min nauyi a baki.

Amma fa tsari a takarda daban, kula daban. Akwai ɗaya daga cikinsu da ba ya magana, sai alama da hannu da hotuna. Wani mako ma'aikata suka yi ƙaranci aka riƙa turo na haya daga ejansi, yau wannan gobe wancan, mutumin nan ya daina cin abinci yana buga kumatunsa da hannu yana ture faranti, duk wanda ya zo sai ya rubuta a fayil wai yana rigima ya sa hannu ya tafi. Fayil ya cika tsaf ba inda aka bari. Sai da wata Baturiya da ta daɗe a gidan ta dawo daga hutu, kallo ɗaya ta yi masa ta miƙa masa ruwan sanyi, yana kurɓa ya runtse ido ya riƙe muƙamuƙi, ta ce haƙori ne. Aka kai shi wajen likitan haƙori, ashe ya ruɓe har ya yi ƙurji. Kwana da kwanaki bawan Allahn nan yana faɗa mana da iyakar hanyar da yake da ita.

Shi ya sa in aka yi mana tirenin ɗin Oliver McGowan ba na wasa da shi. Yaro ne ɗan shekara 18 da ya rasu a Bristol a 2016 bayan an ba shi maganin da shi da iyayensa suka ce kar a ba shi, daga baya dokar 2022 ta wajabta a koyar da ma'aikata kan wannan lalura. Rahotannin hukumomin ƙasar da kansu sun nuna masu ita na rasuwa da wuri da kusan shekara 20 kan sauran jama'a. Hukumar CQC, mai sa ido kan aikin kula da mutane, na duba kamfanoni tana ba su daraja, amma ba za ta zauna a kicin ƙarfe bakwai na safe ta ga ko mai ba da maganin ya san wanda yake ba wa ba. Ko cin zalin da aka yi wa masu wannan lalura a asibitin Winterbourne View a 2011 ai sai da BBC ta shiga da ɓoyayyiyar kyamara ya fito fili.

Ga kuma namu tsoron mu baƙi. Bizarki tana ɗaure da kamfanin da ya kawo ki, in aiki ya kuɓuce kusan kwana 60 gare ki ki samu wani, don haka mutum zai ga an bar ma'aikaci ɗaya inda ya kamata biyu su tsaya ya yi gum saboda yaransa na makaranta. Na fahimci tsoron don ni ma yana raina. Duk da haka maganar haƙorin nan mun rubuta ta ni da matar nan mun kai wa manaja, muka nemi duk na ejansin da zai shigo a zaunar da shi ya karanta alamun kowa kafin ya fara shifti, kuma yanzu haka ake yi a gidan.