Abin da Na Koya a Kantin Littattafai

A ƙarshen watan jiya na miƙa makullan kantin littattafan da na yi wa aiki shekara shida, kuma cikin duk abin da ya wakana a wurin babu wanda ya tsaya mini a rai kamar abin da ya sami zauren masu karatu na ranar Asabar, wanda ni na kafa shi, ni kuma na kusa kashe shi da hannuna.

Mutanen zauren sun fi son labaran binciken kisan kai da aka gina a kan zamanin da ya shuɗe. Mai bincike a irin waɗannan labarai ba shi da waya, ba shi da ɗakin gwaje-gwaje, ko zanen yatsa bai sani ba, domin 'yan sandan Landan kansu sai a 1901 suka buɗe sashensa. Ido da kunne da sanin halin ɗan Adam su ne jarinsa, shi ya sa mai karatu yake jin zai iya riga shi gano mai laifin.

Da aka bar mini zaɓin littafin wata, sai na ɗauko The Name of the Rose na Umberto Eco, wanda ya fito da Italiyanci a 1980, labarin mace-macen sufayen Kirista a wani gidan ibada na arewacin Italiya a shekarar 1327. Gaskiyar magana ban karanta shi ba. Bangon baya kawai na duba, na ga sunan ya yi kauri, ni kuma ina so a ce yaron kantin nan ya san manyan littattafai, sai na sa aka yi odar kwafi ashirin. Mutanen da suka zo neman mai kisa suka tarar da doguwar muhawara a kan ko Annabi Isa da almajiransa sun mallaki dukiya, ga jimlolin Latin birjik babu fassara. Kafin mako na uku rabin kujeru babu kowa.

Na kwana uku ina karatu ido rufe don in ceto zaman, kuma a nan na yi ɓarnar da ta fi ta farko. Cikin ɗokin nuna musu cewa ƙarshen ya cancanci wahalar, sai bakina ya suɓuce na faɗi yadda ake kashe sufayen. Wata malamar makaranta ta rufe nata kwafin a hankali, ta ce, "Malam, ni fa saura mini shafi arba'in." Ba ta sake taka kantin ba.

Manaja ya cire kuɗin kwafi goma sha ɗaya daga albashina, ya kuma sanar da haka a gaban yaran kanti, alhali da hannunsa ya sa hannu a takardar odar.

Wani dattijo, tsohon alƙali, shi ya farfaɗo da zauren. Ya ce mini, "Ɗana, ka taɓa tambayata abin da nake so kafin ka miƙo mini?" Na ce a'a, ranka ya daɗe. Da na saurare shi sai na nemo masa labaran Alƙali Dee, waɗanda jami'in diflomasiyyar Holand Robert van Gulik ya gina a kan Di Renjie, wani alƙalin Sin na zamanin daular Tang da ya rasu a shekara ta 700. Alƙali ne mai bincike da kansa, yana riƙe da shari'u uku a lokaci guda, kuma doka ba ta ba shi damar yanke hukunci sai wanda ake tuhuma ya amsa laifinsa, ko da ta hanyar azabtarwa ce. Dattijon ya shafe zama biyu yana kwatanta wannan da ƙa'idar iƙirari da shaidu da ya yi aiki da ita, har waɗanda suka gudu suka fara dawowa.

Tun daga nan ban sake ba da shawarar littafin da ban kai ƙarshensa ba. Nakan tambayi mai saye ko tarihin yake nema ko wasa ƙwaƙwalwa, kuma idan jerin littattafai ne nakan ce a fara da na farko.

A taron ƙarshen shekara manaja ya gaya wa mai kanti cewa shi ya gano kasuwar irin waɗannan littattafai, ni kuwa ina tsaye ina zuba shayi. Kwafi goma sha ɗayan nan suna cikin kwali a ƙarƙashin gadona, tunda kuɗina ne ya saye su.