Wasiƙa daga Aberdeen: Saiwar da ke fitar da mutanen nan daga hunturu

Assalamu alaikum 'yan uwana na gida,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kowa yana lafiya. Ya sanyi, ya hazo? Na san yanzu hunturu ya kankama a can, leɓe na tsagewa, ana ta neman man kaɗanya. Mu ma nan Aberdeen, a arewa maso gabashin Sikotland, muna cikin namu, sai dai na nan babu ƙura, duhu ne da danshi da iskar teku. A watan Disamba rana ba ta leƙowa sai wajen tara saura kwata na safe, kuma kafin ƙarfe huɗu ta faɗi. Kana idar da Azahar, ka ɗan juya sai La'asar, ka sake juyawa sai Magariba.

Duk wanda muka yi waya da shi, tambayar ba ta wuce ɗaya: "Wai me kuke ci a can?" To yau zan ba ku labarin abu guda daga cikin abin da ake ci, wanda na raina shi da farko, yanzu kuma ba ya yankewa a kicin ɗina daga Nuwamba har Maris.

Wata saiwa ce dunƙulalliya, girmanta kamar ƙaramin ƙoƙo, wata takan kai kilo guda. Samanta ruwan makuba, ƙasanta fari-fari, cikinta kuma rawaya, idan ta dahu sai ta koma kalar kabewa. Mutanen Ingila suna ce mata swede, wato 'yar Suwidin, domin ta can ta shigo musu a ƙarshen ƙarni na 18. A Amurka rutabaga ake kiranta. Nan Sikotland kuwa galibi neep ake ce mata. Masana tsirrai sun ce asalinta haɗin iri ne tsakanin kabeji da wata ƙaramar saiwa fara, shi ya sa idan tana kan wuta gidan yakan ɗauki warin kabeji. Wani masani ɗan Suwizalan, Gaspard Bauhin, ya rubuta bayaninta tun shekarar 1620.

Ganina na farko da ita ba a faranti ba ne, a gona ne. Mun fita bayan gari da maigidana, sai ga tumaki cike da wani fili, ƙafafunsu duk taɓo, suna gwaguyar wasu ƙwallaye da suka leƙo daga ƙasa. Manomi ya ja musu waya mai lantarki, idan sun cinye wannan ɓangare sai ya matsar da ita gaba. Da na ga irin abin a kanti an jera shi kusa da karas, sai na kau da kai, na ce a raina abincin tumaki ne. Ban tuna ba cewa mu ma gona ɗaya ke ba mu wake, ta ba dabbobinmu harawa.

Maƙwabciyata ce ta sauya mini tunani, wata dattijuwa da ta haura tamanin, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna nesa. Ina ce mata Kaka, tana jin daɗin sunan tun ranar da na faɗa mata ma'anarsa. Na kai mata dambun shinkafa wata Juma'a, bayan kwana biyu sai ga ta a ƙofa da kwanona, ba ta dawo da shi haka nan ba, ta sa mini neep ɗaya a ciki. Ashe nan ma an san ba a mayar da kwano wayam.

Na fere, na dafa, na ce bari in kirɓa ta kamar sakwara tunda saiwa ce. Babu turmi a nan, sai na sa muciya na yi ta tuƙi. Ko kaɗan ta ƙi haɗa jiki. Ina ƙara tuƙi tana ƙara sakin ruwa, har ta zama kamar fate mai ruwa-ruwa, ga ɗan bauri a ƙarshen harshe. Abin ya dame ni, domin kyauta ce aka ba ni, ba na so ta lalace a hannuna. Daga baya na gane dalili. Doya da rogo sitaci ne ya cika su, shi ke ba sakwara danƙo har ka yanki loma. Ita neep kusan duk jikinta ruwa ne, sitacinta kaɗan. Ba za ta taɓa yin malmala ba, kuma masu ita ba su taɓa neman ta yi ba.

Da na gaya wa Kaka, sai ta ce in sayo wata in zo. Na tsaya a gefenta ina kallo. Ta datse kai da gindi don ta zauna daram a kan katako, domin taurinta ya isa ya sa wuƙa ta zame ta yanke mutum. Ta fere ɓawon da kauri, har sai da rawayar ta fito sosai. Ta yayyanka ƙanana daidai wa daida, ta zuba a ruwan gishiri, ya yi ta tafasa kusan rabin awa, sai da cokali mai yatsu ya shige ba gardama. Ta tace. A nan ne ta yi abin da ni ban yi ba: ta mayar da ita cikin tukunyar ba ruwa, a kan wuta kaɗan, tana girgizawa har tururin ya gama fita, gindin tukunya ya bushe. Sannan ta sa man shanu, ba ɗan kaɗan ba, ta barbaɗa masoro mai yawa, ta murƙushe sama-sama, ta bar 'yan gudaji. Da na ɗanɗana, wallahi kamar ba abin da na dafa jiya ba. Zaƙi-zaƙi, ga ƙamshin man shanu, baurin ya koma can baya yana taimakon masoro. Ta ce kada in saye ta da wuri, in bari sai sanyi ya daskarar da raɓa a gona, domin sanyin ne ke ƙara mata zaƙi.

Tana aikin tana ba ni labarin ƙuruciyarta. A ƙarshen Oktoba, lokacin wani bikinsu da yara ke yin fitila da kabewa, kafin kabewar ta zama ruwan dare a kantunansu, neep suke rarakewa da cokali su yi mata ido da baki, su kunna kyandir a ciki. Ta ce sai hannun yaro ya yi kanta kafin ya gama guda ɗaya.

Babbar ranar wannan saiwa ita ce 25 ga Janairu, ranar haihuwar mawaƙinsu Robert Burns, wanda aka haifa a 1759 ya rasu a 1796. Abokansa suka fara taron tunawa da shi a 1801, har yau ba a fasa ba. Ana shigo da wani abinci mai suna haggis da rakiyar algaitarsu mai jakar iska, a karanta masa waƙar da Burns ya yi masa, a farke shi da wuƙa. Kayan ciki ne na tunkiya, zuciya da hanta da huhu, a niƙa da albasa da kitse da hatsinsu na ots, a da a cikin tumbi ake ɗura shi. Duk wanda ya san ƙamshin kayan ciki ranar Babbar Sallah ba zai yi masa kallon baƙo ba. Ni dai da yake ba yankanmu ba ne, wanda ake yi da wake da ganyayyaki na ci. A gefensa dole a sa tsibi biyu, neep ɗaya, dankalin Turawa ɗaya, kowanne an murƙushe shi daban.

A tsibiran Orkney haɗa su ake yi tukunya ɗaya, su kira shi clapshot. A Suwidin ana ƙara karas. A Nowe da haƙarƙarin rago mai gishiri ake cinta lokacin Kirsimeti.

Amma ba ko'ina ake tuna ta da farin ciki ba. A Jamus, lokacin yaƙin duniya na farko, dankali ya lalace a gona a 1916, jiragen ruwan Birtaniya kuma sun toshe hanyar shigo da abinci. Sai aka koma kan abincin dabbobi. Da ita aka yi miya, da ita aka cuɗa burodi, har busar da ita aka yi aka sha a madadin kofi. Hunturun 1916 zuwa 1917 da sunanta Jamusawa ke kiransa har gobe, kuma mutane da yawa ba su ga ƙarshensa ba. A Faransa ma, tsakanin 1940 da 1944, da sojojin mamaya suka kwashe dankali, ita aka bar wa jama'a, shi ya sa tsofaffi da dama suka yi shekaru ba sa son ko ganinta. Rashin tuwo kan sa a ci wake a kwana. Tun da na san wannan, ban sake ce mata abincin tumaki ba.

Yanzu ga yadda nake yin tawa. Neep rabi, dankali uku, karas biyu. Ina fara sa neep da karas, sai sun yi minti goma sannan dankali ya bi, don ya fi saurin dahuwa. In tace, in busar kamar yadda Kaka ta nuna mini, in sa man shanu da soyayyar albasa, in barbaɗa yajin ƙuli. Da farfesun rago muke ci. Yarana sun fi son sa a kan shinkafa, ita ma Kaka yanzu sai ta tambayi yajin, duk da yana sa ta hawaye.

Abin da ke cina a rai shi ne, ranar da ta tambaye ni irin saiwoyin da muke da su, na lissafa mata doya da rogo da dankali da gwaza da makani, sai na zo kan tumuku da rizga. Ta ce yaya ake dafa su? Na tuna ɗanɗanonsu sarai, na tuna 'yan talla da ke kawo su dafaffu a faranti bayan damina, muna murje ɓawon da yatsa. Amma ban iya ba ta amsa ba, don ban taɓa dafawa da hannuna ba, kuma yarana ko sunan ba su taɓa ji ba.

Don Allah, wanda yake da tsohuwa a gida ya tambayar mini ita: yaushe ake haƙar tumuku, wace kasuwa ake samun rizga yanzu, kuma ban da dafawa da gishiri, me ake yi da su? Idan Allah ya kai mu hutun bazara ina tafe da yaran, amma na san lokacin ba lokacinsu ba ne, don haka ku faɗa mini ko suna ajiyuwa.

A gaishe mini da kowa da kowa, manya da yara.

Taku 'yar uwa,
daga Aberdeen